Kai, Aikinka Nawa?

Ranar da na fara ganin Baba Gado, da ludayi na tarar yana magana. Ya ɗaga shi daidai fuskarsa a bakin kasuwar Yelwa, ya ƙura masa ido kamar alƙali ya sami ɓarawon akuya, ya ce, "Kai, aikinka nawa?"

Mai ludayin ta ce, "Shan fura mana, Baba."

"Wannan ɗaya. Sai mi?"

"To, har kunu."

"Duk sha ne. Aiki ɗaya ne ya sake riga."

Ya ajiye mata abinta ya yi gaba, ta bi shi da harara. Ku da kuka san shi ba sai na gaya muku ba, haka yake yi wa komai. Duk abin da bai yi aiki biyu ba, ba ya shiga motarsa, ba ya shiga gidansa.

Ni a lokacin sabon malamin firamare ne, an kawo ni Yelwa daga garinmu Shanga, muna jihar Sakkwato, ba a yanke mana Kebbi ba tukuna. Abin da na mallaka keke ne da akwati, rabin akwatin kuma 'yan littattafan soyayyar nan ne da ake kawowa daga Kano, masu siririn bango da tawadar da ke bin yatsa. Na haddace yawancinsu tsaf. Na sa a raina cewa ranar da zan haɗu da tawa, iska za ta kaɗa, furanni su yi rangaji, ita kuma ta sunkuyar da kai tana wasa da zoben hannunta.

Da na bi tsohon da kallo, sai na ga ya nufi wata tsohuwar akori-kura wadda a da can koriya ce. A bayanta wata budurwa ta taka jarka da ƙafa ɗaya, ta cije bakin igiya da haƙora tana ɗaure kaya. Ba iska, ba fure, sai warin banda daga rumfar masu kifi. Ta tofar da igiyar ta dube ni.

"Malam, in kallo ka zo yi, riƙe min nan ka yi shi da hujja."

Na riƙe. Luba ke nan, autar Baba Gado, mai ɗinki a bayan kasuwa. Har yau ban saki ba.

Baba ya yi ƙuruciyarsa yana tuƙa masu allurar shanu cikin daji. Da ya ajiye aiki, motar ma aka yi gwanjonta, sai ya saye ta, wai tare suka tsufa, bai ga dalilin rabuwa ba. Kowace shekara, da damina ta fara ja da baya, sai ya ɗaure kaya ya ɓace. Wani zubin ya yi arewa ta wajen Shanga, wani zubin kudu, ta Ngaski har Wara, ya bi bakin tafki. Ba ya saye, ba ya sayarwa, ba kuma wanda ya aike shi. In ka ce masa, "Baba, za a je unguwa ne?" ka jawo wa kanka karatu.

"Zauna in raba maka," in ji shi. "In ka san inda za ka kwana tun kana gida, wannan zuwa ne. In ka kwana ɗakin wani, ziyara ce. In akwai abin sayarwa a bayanka, fatauci ne. Tafiya ita ce ka ɗauki ruwanka da wutarka da makwancinka, ka sauka daga kwalta, inda rana ta faɗi nan ne garinku."

Wani direban babbar mota da ya yi shekaru yana zirga-zirga tsakanin Yelwa da Ikko ya taɓa cewa ai shi ya fi kowa tafiya a garin nan. Baba ya ce, "Kai? Kai guga ne. Ka je ka dawo, ka je ka dawo, rijiya ɗaya."

Abin da ya fara haɗa ni magana da shi Turawa ne. A shekarun nan sukan ratso hamada cikin wata ƙatuwar mota, su tsaya Yelwa shan mai, duk sun yi ja kamar an gasa su. Ran nan Baba ya aika a kira masa "tichan nan mai kallo" in yi masa tafinta. Na zo da gudu, don na san wa zan gani a kusa.

Ya zagaya motarsu hannu a baya. Suka yi ta buɗe masa akwatuna suna murna: kujerun naɗewa, tebur, murhun gas, wani ƙarfe na buɗe gwangwani, wani na buɗe kwalba, har da wani ɗan ƙoƙo da ake zaunar da dafaffen ƙwai a ciki.

"Tambaye shi, ƙwan ne ya gaji da za a ba shi kujera?"

Na sassauta maganar na fassara. Baturen ya yi dariya, ya ɗauko ƙarfen buɗe gwangwani ya miƙa wa Baba kyauta. Baba ya juya shi, ya tambaye shi aikinsa nawa, ya mayar cikin ladabi, ya zaro wuƙarsa ya nuna.

"To Baba," na ce, "waɗannan dai sun yi tafiya. Daga ƙasarsu fa suke, da ruwansu da wutarsu."

Ya daɗe yana duban tulin kayan. Ya ce, "A'a, Ticha. Wanga ƙaura ce. Mun ga irinta lokacin da ruwan dam ya ci garuruwa. Su ma har da turmi suka ɗauko."

Na fara zuwa zance wurin Luba, ina zuba mata kalaman da na haddace. Ranar da na kira ta tauraruwar zuciyata, ta ce, "Rage murya, Malam. Baba na ji zai tambayi aikin tauraro na biyu." Amma ba ta kore ni ba. Ta sake min wuyan riga biyu ba tare da na roƙa ba, a wurinta kuwa wannan ya fi waƙa.

Matsalar ɗaya ce. Kun san al'ada, sai uban yarinya ya ce "ka turo" kafin manyanka su tako. Baba kuwa bai ce ba. Luba ta gaya min gaskiya: ba ya cewa sai ya yi tafiya da mutum. Kafin ni an yi biyu. Na farko ya gudo daga Wara cikin jirgin ruwa, na biyu ya ce shi da ya auri 'yar Baba Gado gara ya shiga soja. Ga kuma wani mai sayar da kayan mota yana ta kai wa Baba gaisuwa, mutumin da ya san sunan kowane ƙarfe a cikin inji.

"Ni kai nake so," in ji ta, tana cizon zare. "Amma ba zan tsallake maganar Baba ba. Ka je ka yi amfani."

Da aka yi hutun makaranta Baba ya aiko in shirya. Na iso ƙofar gidansa da hantsi, ni da akwati da katifa a bayan keke. Ya shimfiɗa buzu ya zauna, ya ce a buɗe. Maƙwabta suka fito, don sun san za a yi shari'a.

Ya ɗaga kwalbar turare. "Wanga fa?"

"Ƙamshi, Baba."

"Sauro na gudunsa?"

"A'a."

"To wa za ka yi wa ƙamshi, kada?" Aka ajiye gefe.

Madubi ya bi, wai motar na da nata. Takalmi sau-ciki ya bi. Katifa ko tambayarta bai yi ba, ya dube ta kawai, ni da kaina na janye ta. Sannan ya nuna min nasa, yana kiran su ɗaya ɗaya kamar mai gabatar da 'ya'yansa. Shebur: tonon taya da gasa kifi. Igiya: jan mota da shanya. Jarka: ruwa da wurin zama. Buzu: salla da barci. Katako: teburin cin abinci da matashin jak. Sabulu: wanka da liƙe tankin mai in ya huje. Garin barkono: miya da toshe yoyon lagireto. Rawaninsa ma ba a bar shi ya huta ba, da shi ake tace ruwa. Akwai kuma wani farin alawayyo mai faɗi da ake ɗaurawa daga mota zuwa itace a sami inuwa.

"Shi fa na biyunsa, Baba?"

"Wannan ba ni zan sa shi ba. Ku ne."

Ban gane ba, ban kuma sami damar tambaya ba, don hannunsa ya riga ya kai kan littattafaina. Ya buɗe ɗaya a juye, ya shinshina.

"Karatu, Baba," na ce tun bai tambaya ba.

"Sai mi?"

Sai ga Luba daga zaure da wata rigar matashi mai furanni da ta ɗinka. Ta tattara littattafan, ta jera su, ta ɗaure da tsumma, ta zura a ciki.

"Matashi ne, Baba. A karanta da rana, a ta da kai in an kwanta."

Ya danna da yatsa, ya ji tauri kamar bulo. "Wuyansa ne, ba nawa ba. A ɗora." Sannan ya juyo ya dube ni daga hula har silifa, irin kallon da ya yi wa ludayi. "Kai kuma fa, Ticha? Aikinka nawa?"

Maƙwabta suka tuntsire da dariya. Na ce, "Koyarwa, Baba."

"Ba yara a daji. Hau baya, ma gani."

Baya kuwa na hau, tare da jarka da safaya, alhali ga wuri a gaba. Wurin ba fanko ba ne. Akwai wata 'yar kujerar mata a kai, irin ta tsugunno, ta sha hannu har tana sheƙi, an tokare ta da tsumma kada ta zame.

Da yamma muka isa Ngaski, inda ƙanwarsa Gwaggo Asabe take aure. Ta share ɗaki, ta yi shimfiɗa, ina hango gadon ta ƙofa da gidan sauronsa. Baba ya yi fakin a waje gindin tsamiya.

"Yaya, don Allah ka shigo. Kullum sai ka ba ni kunya a garin nan? Mutane cewa suke na hana ka ɗaki!"

"In na shiga ta zama ziyara, Asabe."

"To yaron mutane fa?"

"Tare muke."

Ta koma tana faɗa, can sai ga tuwon shinkafa da miyar kifi, har da man shanu. Baba ya wanke hannu. Na ce, "Baba, ba ka ce matafiyi wutarsa yake ɗauka ba?"

"Awo. Ni na je wurin tuwon nan? Shi ya taso ya zo. Tuwon ne ya yi ziyara. Sa hannu."

Daga nan muka sauka daga hanya. Muka bi gonakin gero da fadamu, muka ratsa ƙauyukan Kambari, yara na bin mu da ihu. Na koyi tura mota, don ba ta tashi da safe sai an tura. Na ci kifin da aka gasa a kan shebur, na kuma rantse ban taɓa cin mai daɗinsa ba. Wuyana ya ƙage saboda matashin Luba. Duk abin da na gani sai in tambayi aikinsa na biyu, Baba na amsawa da jin daɗi.

Abu ɗaya ne ban tambaya ba. Duk inda muka sauka, kafin ya sauke tukunya, sai ya fito da 'yar kujerar nan, ya goge ta da hannun riga, ya ajiye ta a inuwa ta fuskanci ruwa. Ba ya zama a kai, ni ma bai ce in zauna ba. Wata rana ina dawowa daga ɗibar itace na ji yana cewa a hankali, "Kin ga bana ruwa ya kai har gindin giginyar nan." Ba kowa a wurin sai kujera. Na san mahaifiyar Luba, Inna Kulu, ta rasu kafin in zo Yelwa. Littattafaina ba su koya min ɗaure igiya ba, amma wannan kam sun koya min. Na koma da baya, na yi tari, sannan na fito.

Kusa da Wara muka tarar an gyara hanya, an baje ta sumul. Baba ya tsaya ya dube ta da takaici.

"Wagga kowa ma ya bi ta. Mu bi bakin ruwa."

"Baba, ƙasar can kamar da laushi."

"Ka taɓa tuƙi?"

Ba mu yi nisa ba tayar baya ta nutse cikin baƙar laka har gindi. Ga hadari ya haɗo daga tsallaken tafki, baƙi ƙirin, iska na turo ruwa wajenmu. Ba gida kusa, masunta duk sun ja jiragensu sun gudu. In ruwan nan ya sauko motar na wurin, sai dai a zo kallonta da rani.

Na yi tono da shebur, na saro rassa. Baba ya shimfiɗa katako ya ɗora jak ya fara ɗagawa. Motar ta ɗan taso, sai ji muka yi ƙaras! Katakon ya rabe biyu, jak ya shige laka. Muka zaro shi, muka gwada rabin katakon, shi ma ya tsage. Ba dutse ko ɗaya a wurin, jarka kuwa ta roba ce. Safaya ta yi tsayi, ba ta shiga ƙarƙashi.

Baba ya miƙe ya dubi kayansa ɗaya ɗaya. Ya dubi sama. Sannan ya buɗe ƙofar gaba ya ɗauko 'yar kujerar. Icen ƙirya ce, za ta ɗauki jak, amma ba za ta fito yadda ta shiga ba. Ya durƙusa da ita a bakin ramin, ya tsaya. Mutumin da ban taɓa ganin ya yi jinkirin komai ba, ga shi yana goge kujera da hannun riga alhali cikin laka zai sa ta.

Na ce, "Baba, dakata."

Na haye bayan mota na ɗauko matashina. Ban tsaya tunani ba, don na san in na tsaya ba zan iya ba. Akwai littafin da ban ma kai ƙarshensa ba, an bar yarinyar cikinsa a tasha tana kuka. Na kwantar da ƙunshin cikin ramin, na danna da ƙafa, na ɗora jak.

"Ɗaga, Baba."

Ya dube ni, ya ajiye kujerar a kan bonet, ya kama hannun jak. Littattafan suka yi wani ɗan nishi suka lotsa, amma suka riƙe. Taya ta taso. Muka cusa rassa, ya shiga ya ba ta wuta, na sa kafaɗa. Ta watsa min laka tun daga goshi har gwiwa, ta yi gurnani, ta fita. Muna kaiwa kan tudu ruwa ya kece.

Na koma da gudu na tono matashin. Duk sun manne sun zama curi ɗaya, tawada ta bi furannin Luba. Baba ya leƙo ta taga ya gani.

"Karatu, matashi, ɗaukar mota. Aiki uku! Ko tukunyata ba ta kai nan ba."

Na nufi baya zan hau cikin ruwan, sai na ji ya buɗe ƙofa. Ya matsar da 'yar kujerar tsakiya.

"Shigo gaba. Kar ka shafa mata laka."

Muka zauna mu uku, ruwa na dukan rufi. Can ya ce, "Ka tambayi aikin komai a motar nan, ban da ita."

"E, Baba."

"Hm." Ya goge gilashi da gefen rawani. "Na duba naka aikin. Tura ka iya, wannan ɗaya."

Na gyara zama ina jiran na biyun.

"Na biyun kusa yake da na farko. Wasali ɗaya ne tsakaninsu. Ba kai ne malami ba?"

"Ban gane ba, Baba."

"Kai, wanga yaro! Tura ka yi. Saura turo. In mun koma gida ka turo manyanka."

A littattafaina, a irin wannan wuri saurayi yakan faɗi magana mai tsawon shafi biyu. Ni atishawa na yi.

Da muka dawo na tsaya gaban keken ɗinkin Luba, na shirya kalamai tun daga Wara. Na ce mata littattafaina sun yi shahada a tafarkin ƙaunarta. Ta ce, "Allah ya ji ƙansu. Ina rigar matashina?" Sai da na ba ta labarin kujerar ta tsayar da keken. Ta ce tun suna yara Inna ke bin Baba kowace tafiya, tana mita tun daga ƙofar gida har su dawo, ba ta kuma taɓa yarda a bar ta ba. Ta juya baya tana neman almakashin da ke hannunta.

Bayan an ɗaura mana aure da Luba, Baba ya ci gaba da tafiyarsa har bayan an ba mu Kebbi, ni a gaba, kujera a tsakiya. Da idonsa ya raunana Luba ta ɓoye makulli, aka yi rigima, ta ci. Sai ya koma kowace safiya ya shiga motar a tsakar gida, ya zauna riƙe da sitiyari, kaji na kiwo a ƙarƙashi. Ran nan na leƙa na tsokane shi.

"Baba, wannan fa? Zuwa ne, ko ziyara, ko tafiya?"

Ya yi murmushi. "Wanga jira ne, Ticha."

Wata rana da safe ya cika, bayan ya karya, ba doguwar jinya. Ana shirin aikawa kasuwa a yanko likkafani, Luba ta ce a dakata. Ta buɗe bayan kujerar mota ta fito da farin alawayyon nan na inuwa. Ashe ya sa ta wanke shi tun bara, ta goge, ta naɗe. Liman ya duba ya ce tsarkakakke ne, ya kuma isa. Mu muka sa shi aikinsa na biyu, kamar yadda ya ce. Ina riƙe da gefe ɗaya dariya ta taso min, kuka ya riga ta fita.

Allah ka ji ƙan Baba Gado, ka yafe masa taurin kansa, ka haɗa shi da Inna Kulu a inuwar da ba a ɗaurawa da igiya. Ramin nan da muka sa shi, ya Allah, ka sa ya yi masa aiki biyu: makwanci mai sanyi, da ƙofa zuwa Aljanna. Amin.